«Katiba»: littafin da ya hango gobarar Sahara, amma bai ga masu gida ba

A cikin ƙagaggun labaran leƙen asiri da yaƙi da ta'addanci waɗanda aka rubuta da Faransanci, da wuya a sami wanda ya matso kusa da ƙasar Nijar kamar «Katiba» na Jean-Christophe Rufin, wanda kamfanin ɗab'i na Flammarion ya fitar a birnin Paris cikin shekarar 2010. Littafi ne mai kauri, shafukansa sun doshi 400, kuma labarinsa yana kai da kawowa tsakanin ofisoshin Turai da hamadar da ta ratsa Muritaniya, Aljeriya, Mali da Nijar. A shekarar da ya fito ana iya karanta shi domin ɗebe kewa kawai. Yanzu kuwa, bayan jinin da ya zuba a Agadas, Difa da Tillaberi, karatunsa ya zama awo: me marubucin ya hango daidai, me kuma ya kuɓuce masa?

Ɗan kasuwar Magarya ko ma'aikacin gwamnati a Dungas yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da yake tsakanin gonakin gyaɗa da riɗi na kudancin jihar Damagaram da rairayin Sahara akwai tafiya mai nisa. Amma ginshiƙin littafin magana ce a kan iyaka da kuma masu neman abinci ta hanyar ƙetare ta, waɗannan gundumomi biyu kuwa a bakin iyaka suke kwana suke tashi. Siffar da irin waɗannan littattafai suke ba iyakokin Sahel ita ce take zaunawa a zukatan mutanen nesa, cikinsu har da masu yanke shawarar a buɗe hanya ko a rufe ta. Saboda haka ya dace a duba wannan littafi da idon basira, a ba shi haƙƙinsa na yabo, a kuma faɗi inda ya gaza.

Wane ne marubucin?

An haifi Jean-Christophe Rufin a garin Bourges na Faransa a shekarar 1952. Likita ne, ya daɗe cikin ayyukan agaji tare da ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, daga baya kuma ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da yunwa ta Action contre la Faim. A fagen rubutu ya ci kyautar Goncourt, wadda ita ce mafi daraja a adabin Faransanci, a shekarar 2001 da littafinsa «Rouge Brésil», sa'an nan aka zaɓe shi cikin majalisar masana harshe ta Académie française a 2008. Daga 2007 zuwa 2010 shi ne jakadan Faransa a Sanagal.

Wannan muƙami na ƙarshe shi ne ya ba littafin nauyinsa. Ran 24 ga watan Disamba 2007, yana jakada a Dakar, aka kashe Faransawa 4 masu yawon buɗe ido kusa da garin Aleg a Muritaniya. Waɗanda ake tuhuma suka gudu ta cikin Sanagal, sai a watan Janairu 2008 aka kama biyu daga cikinsu a Gini Bisau. A cikin watan ne kuma aka soke tseren motocin Dakar na wannan shekara saboda tsoron hari. Ke nan marubucin bai tsinci labarinsa a bakin hanya ba. Yana zaune a ofishin da takardun irin waɗannan al'amura suke bi ta kansa.

Abin da labarin ya ƙunsa

Kalmar katiba Larabci ce, tana nufin rundunar mayaƙa, kuma da ita ƙungiyar Alƙa'ida ta yankin Magrib, wadda aka fi sani da AQMI, take kiran sansanoninta na cikin hamada. Labarin ya buɗe da kisan Turawa 4 masu yawon buɗe ido a kan wata hanyar Muritaniya, abin da yake tuna wa mai karatu da kisan Aleg. Jaridu suka ɗauki abin a matsayin tsautsayi, amma hukumomin leƙen asiri daga Washinton zuwa Aljas da Paris suka fahimci cewa share fage ne na wani babban hari da ake son kaiwa cikin Faransa kanta.

A tsakiyar wannan saƙa akwai wata mace mai suna Jasmine, ma'aikaciya a sashen karɓar manyan baƙi na ma'aikatar harkokin wajen Faransa, wadda mijinta ya rasu bayan ya yi aikin ƙaramin jakada a Muritaniya. Tana da jinin Faransa, tana da na Aljeriya, kuma har kusan ƙarshen littafin mai karatu ba ya iya rantsuwa a kan wanda take yi wa aiki. A gefe guda akwai Kader Bel Kader, uban ƴan fasa-ƙwauri na hamada, wanda ya san kowace rijiya da kowane lungu, yake kuma sayar da wannan sani ga masu ɗauke da makamai. A ɗaya gefen akwai wani kamfanin leƙen asiri mai zaman kansa da ake kira Providence, ƙarƙashin wani tsoho mai wayo, Archie, wanda ya tura wani likita mai suna Dimitri zuwa Nuwakshot domin ya shiga cikin wasu likitocin da ake zargi, ya riƙa kawo labari. Yadda zaren ya warware a ƙarshe, wannan an bar wa wanda zai karanta.

Abin yabo na farko: hangen nesa

Duk wanda zai yi wa littafin adalci dole ya fara da cewa marubucin ya hango hadari tun sararin sama bai gama haɗuwa ba. Gaskiya ne alamun sun riga sun bayyana. A watan Janairu 2000 an kwashe motocin tseren Dakar cikin jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari a arewacin Nijar. A 2003 mayaƙan ƙungiyar GSPC sun sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya, kuma wannan ƙungiya ce ta sauya suna ta koma AQMI a farkon 2007. Ran 14 ga watan Disamba 2008 an sace jami'in diflomasiyyar Kanada Robert Fowler, manzon Majalisar Ɗinkin Duniya, da abokin aikinsa Louis Guay da direbansu ɗan Nijar, a kan hanyarsu ta komawa Yamai.

Amma abin da ya biyo bayan fitowar littafin ya fi abin da ya gabace shi muni. Ran 16 ga watan Satumba 2010 aka sace mutum 7 a Arlit, ma'aikatan kamfanonin da suke aiki a mahaƙar yuraniyom da matar ɗayansu; 4 na ƙarshe ba su kuɓuta ba sai a watan Oktoba 2013. A watan Janairu 2011 aka ɗauke samari 2 Faransawa daga wani gidan cin abinci a tsakiyar Yamai, suka rasu washegari. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu makamai. Ran 23 ga watan Mayu 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a barikin soja na Agadas da kuma mahaƙar Arlit a rana ɗaya. Wanda ya karanta «Katiba» kafin waɗannan ranaku, babu ɗaya daga cikinsu da za ta zo masa da ba-zata.

Abin yabo na biyu: ya bi sawun kuɗi

Mafi ƙarfin abin da ke cikin littafin shi ne Kader. Ta bakinsa da ayyukansa marubucin ya nuna cewa rundunar da ke cikin hamada ba ta rayuwa da wa'azi kaɗai: tana bukatar man fetur, tayoyi, ruwa, abinci, magani, wayar tauraron ɗan adam da ɗan jagora, kuma duk waɗannan da kuɗi ake samun su. Kuɗin kuwa suna fitowa ne daga fansar waɗanda aka sace da kuma la'adar rakiyar kayan fasa-ƙwauri. Ɗan kasuwa zai gane wannan lissafi nan take, domin ya san ayari ba ya tafiya sai da madugu, madugu kuma ba ya aiki kyauta.

Masu karatu sun daɗe da lura da kamannin da ke tsakanin Kader da Mokhtar Belmokhtar, Ba'aljeren nan mai ido ɗaya wanda aka yi wa laƙabi da sunan tabar Marlboro saboda zargin fataucin sigari, wanda kuma mutanensa suka kai harin masana'antar iskar gas ta In Amenas a watan Janairu 2013. Littafin ya nuna sansanin hamada yana ja-in-ja da shugabannin ƙungiyar da ke can arewacin Aljeriya a kan iko da dukiya, tarihi kuma ya gaskata shi ta hanya mai ban mamaki. A 2013 wakiliyar kamfanin dillancin labarai na Associated Press ta tsinci wata doguwar wasiƙa a Tambutu, wadda shugabannin AQMI suka rubuta wa Belmokhtar a watan Oktoba 2012. A ciki suna tuhumarsa da ƙin halartar taro, da ƙin amsa waya, da rashin aiko da bayanin kuɗin da ya kashe, suna kuma ganin baikensa saboda ya saki Fowler da abokinsa a kan yuro 700.000, wato kimanin sefa miliyan 459, kuɗin da suka ce sun yi kaɗan. Duk ma'aikacin da ya taɓa samun takardar neman bayani daga shugabansa zai ga cewa ƙungiyar ta'adda ma tana da ofis, tana da hassada, tana da rigimar kasafi. Rufin ya fahimci haka kafin wasiƙar ta fito fili.

Abin yabo na uku: ya san ofis

Akwai kuma daɗin karatu. Babukan gajeru ne, kowane yana ƙarewa a inda mai karatu zai so ya buɗe na gaba. Faransancin mai sauƙi ne, wanda ya gama kwaleji zai bi shi ba tare da ƙamus a gefe ba. Inda alƙalamin marubucin ya fi kaifi shi ne wajen siffanta rayuwar ma'aikata: wa zai zauna kusa da minista, wa zai riƙe takardar gayyata, yadda ƙaramin ma'aikacin da ba wanda yake kallo yake iya buɗe ƙofar da sojoji suke tsaro. Haka nan ya nuna hukumomin leƙen asiri na ƙasashe dabam-dabam suna musafaha da hannun dama suna ɓoye wa juna labari da na hagu, kowace tana duba ribarta. Bai mai da Turawa mala'iku ba, kuma ta hanyar Jasmine ya taɓo ciwon ƴaƴan baƙi a Faransa, waɗanda ake ce musu ƴan ƙasa a takarda ana nuna musu bambanci a zahiri.

Aibi na farko: kaya sun yi wa jaki yawa

Tsawon littafin bai zama alheri gare shi duka ba. Mutanen da ke ciki sun yi yawa, ana tsalle daga wannan birni zuwa wancan, daga tanti zuwa ofis, har mai karatu yakan koma baya domin ya tuna wane ne wane. Wasu daga cikin jami'an Providence suna ne kawai da muƙami, ba su da fuska. Soyayyar da aka ƙulla tsakanin Dimitri da Jasmine ta zo da gaggawa, kamar an sa ta ne domin al'adar irin waɗannan littattafai ta ce sai da ita, kuma likitan da aka tura leƙen asiri yakan yi sakacin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Sa'an nan makircin da aka shirya yana da hawa da yawa ƙwarai, kowane yana dogara da cewa wani mutum zai yi daidai abin da aka zata a daidai lokacin da aka zata. A rayuwa ta gaskiya mota takan lalace, jagora yakan ɓata, mai saƙo yakan yi zazzaɓi. Wanda ya taɓa jiran kamyo ɗaya na kwana 3 a tashar kan iyaka ya san cewa shiri mai hawa goma ba ya kaiwa ƙarshe lafiya.

Aibi na biyu: ina masu ƙasa?

Wannan shi ne babban gibin littafin, kuma ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Hamadar «Katiba» fili ce da baƙi suke wasan dara a kai. Ana jin tunanin ɗan leƙen asiri, ana jin na jami'in diflomasiyya, ana jin na shugaban mayaƙa da na uban fasa-ƙwauri. Makiyayin da aka ratsa ta mashayar dabbobinsa, matar da ɗanta ya bi rundunar, jandarman da aka ajiye a tashar da babu ruwa, mai garin da aka tilasta wa ya yi shiru, waɗannan duk suna can nesa kamar itatuwa a gefen hanya. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan littafi ba a tambayi mai ɗakin ba.

Daga nan aibi na uku ya samo tushe, wato ma'aunin hasara. Abin da ake tsoro tun daga shafin farko har na ƙarshe shi ne kada bam ya tashi a Paris. Da zarar an kauce wa wannan, labari ya ƙare. Amma da aka zo biyan kuɗin wannan yaƙi, mutanen Sahel ne suka biya mafi yawa. Ran 6 ga watan Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, dubban iyalai suka bar gidajensu. Ran 10 ga watan Disamba 2019 sojojin Nijar 71 suka kwanta dama a Inates, bayan wata ɗaya, ran 9 ga watan Janairu 2020, wasu 89 suka bi su a Shinagodar. A harin Kure na ran 9 ga watan Agusta 2020 an kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji tare da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Littafin da ya sa Paris a tsakiyar taswira ba shi da wurin da zai rubuta waɗannan sunaye.

Haka nan maganin da labarin ya dogara da shi, wato ƙwararrun baƙi masu na'urar sauraren waya da hoton tauraron ɗan adam, an gwada shi a zahiri. Faransa ta kawo rundunar Serval a Mali a 2013, ta maye gurbinta da Barkhane daga 2014 zuwa 2022, Amurka kuma ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. An kashe manyan shugabanni, har da Abdelmalek Droukdel na AQMI a watan Yuni 2020, amma wutar ta ci gaba da yaɗuwa daga hamada zuwa ƙauyukan manoma da makiyaya. Sojojin Faransa sun bar Nijar a watan Disamba 2023, na Amurka a 2024. Rufin ya ga kuɗin fansa da na sigari, bai ga rigimar gona da burtali ba, bai ga zaluncin da ba a yi wa shari'a ba, bai ga saurayin da ya rasa aikin yi ba, alhali daga nan ne rundunonin suka riƙa samun sababbin mayaƙa.

Idan aka karanta shi daga Magarya da Dungas

Iyakar da ta raba waɗannan gundumomi da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya, Faransa da Ingila ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta ratsa tsakiyar dangi masu harshe ɗaya da addini ɗaya. Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, fuskarta tana kallon Maigatari, inda babbar kasuwar dabbobi take ci kowace Alhamis. Magarya kuwa ta Tinkim take fita zuwa Babban Mutum. Shanu, raguna, wake da riɗi suna gangarawa kudu, masara, kayan masana'anta da na gini suna haurowa arewa, naira da sefa suna canza hannu a inuwar bishiya ɗaya. Ana aure a ƙetare, ana ta'aziyya a ƙetare, almajirai suna tafiya neman karatu a ƙetare.

Wanda bai san yankin ba, ya kuma ɗauki darasinsa daga «Katiba» kaɗai, zai ga kowace hanyar bayan gari a matsayin hanyar Kader, kowane ɗan ruwa-ruwa mai jarka 4 a bayan babur a matsayin mai ciyar da ƴan ta'adda. Nan ne haɗarin yake. Gaskiya ne hanyar da buhun shinkafa ya bi ba tare da ya ga jami'in duwan ba, bindiga ma tana iya bin ta, kuma ɗan kasuwar da ya rufe ido a kan kayan da bai san cikinsu ba saboda la'ada mai tsoka, yana wasa ne a bakin rijiya. Wannan gargaɗi na littafin abin riƙewa ne. Amma tsakanin mai neman abin sawa a bakin salati da mai rakiyar makamai akwai tazara mai faɗi, kuma dokar da ta kasa bambanta su takan hukunta dubu saboda laifin ɗaya.

An riga an ga misalin haka. A jihar Difa, bayan kafa dokar ta-ɓaci a 2015, an hana hawan babur, an taƙaita cinikin kifi da na tattasai domin a toshe wa Boko Haram hanyar samun kuɗi, aka kuma kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Masunta da manoma da ƴan kabu-kabu masu yawa suka wayi gari ba sana'a. A wannan yanki kuma ƴan kasuwa ba su manta da rufe iyakar da Najeriya ta yi daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin ran 26 ga watan Yuli 2023, wanda bai kau ba sai a watan Maris 2024. Dalilan waɗannan rufe-rufe biyu dabam ne da na Difa, amma darasin ɗaya ne: babbar hanya ce take rufuwa, ta bayan gari kuwa sai kuɗin bin ta ya ƙaru, mai ƙaramin jari ya durƙushe, mai ƙarfin sayen hanya ya ƙara ƙiba.

Magarya da Dungas ba su ga irin bala'in Difa da Tillaberi ba, kuma abin godiya ne. Sai dai kudancin jihar Maradi, wajen Madarunfa da Gidan Runji, ya sha fama da masu satar mutane da dabbobi da ke ƙetarowa daga dazuzzukan arewa maso yammacin Najeriya, ya kuma karɓi dubban ƴan gudun hijira tun daga 2019. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da za a shafa a nan kuwa ba ya cikin na'urorin Providence. Yana wurin mai unguwar da ya san baƙon da ya sauka a gidan wane, da sarkin tasha da ya san direbobinsa, da dillalin da ya san shanun sata in ya gan su, da alƙalin da ya raba rigimar manomi da makiyayi kafin ta kwana, da jandarman da talaka ba ya jin tsoron kai masa labari. Waɗannan su ne mutanen da littafin ya bari a bayan fage, alhali a kansu zaman lafiya yake tsaye.

Wa zai rubuta na gida?

Ba laifin Rufin ba ne da ya rubuta wa mutanensa abin da yake damun su. Kowa gidansa ya sani. Abin tambaya shi ne me ya hana a sami irin wannan dogon labari daga bakin masu iyakar da kansu. Ba a rasa magabata ba. A shekarar 1982 an buga littattafan Hausa biyu a Najeriya waɗanda suka shiga wannan fage: «Turmin Danya» na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da «Ƙarshen Alewa Ƙasa» na Bature Gagare, a kan ta'asar masu ɗauke da makamai. A Nijar, Abdoulaye Mamani ya fitar da «Sarraounia» a 1980, inda ya ba da labarin ɓarnar ayarin Voulet da Chanoine na 1899 ta idon waɗanda aka ƙone wa garuruwa. A 2021 kuma Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta fito da fim ɗinta mai suna «Zinder», inda samarin unguwar Kara-Kara, cikinsu har da masu fataucin man fetur ta kan iyaka, suke faɗin halin da suke ciki da bakinsu. Abin da fim ɗin ya yi da hoto, ana jiran wanda zai yi shi da alƙalami, da Hausa, yadda za a karanta shi a rumfar kasuwa a kuma saurare shi a rediyo.

Hukunci

«Katiba» ya cancanci a karanta shi. Ma'aikaci zai ƙaru da sanin yadda manyan ƙasashe suke kallon Sahel da yadda suke cinikin labari a tsakaninsu. Ɗan kasuwa zai ga yadda kuɗin haram suke neman mafaka a cikin na halal, ya kuma ƙara kula da wanda yake ɗaukar wa kaya. A fannin hangen nesa da bin sawun kuɗi littafin ya yi zarra. A fannin tsari ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa. A fannin sanin mutanen ƙasa kuwa ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Mai karatu ya riƙe shi a matsayin rahoton baƙo mai ilimi wanda ya leƙo ta taga, ya karɓi abin da baƙon ya gani daidai, sauran kuma ya cika da abin da shi ya sani game da garinsa, kasuwarsa da maƙwabtansa na ƙetaren iyaka.

Allah ya zaunar da Magarya da Dungas lafiya, ya kawo sauƙi ga yankunan da ke cikin wahala, amin.